Ranar da Baba Ya Shanya Gita

Babana makaɗin molo ne, kakana ma haka, kuma molo guda suka kaɗa su biyun. An sha sauya masa fata, an sauya sanda, amma icen cikin nan da kakana ya sassaƙa da hannunsa shi ne dai, ya yi baƙi ƙirin, ya yi santsi saboda gumi. Da shi a rataye Baba ya baro ƙauyenmu na wajen Birnin Lalle ya dawo Dakoro, lokacin da Faransawa suka kafa bariki, mutane suka soma taruwa, bukukuwa suka yawaita.

A gidanmu akwai doka ɗaya a kan molon nan. In Baba ya ga dama kowa na iya ɗauka ya kaɗa. Ni kam tun ina ƙarami nake kaɗa shi, har na kai ina tare masa wasu bukukuwan in jikinsa ba daɗi. Amma ɗaura tsarkiya, wato igiyoyin nan uku da ake kaɗawa, ba mai yi sai mai molo. Ranar da mai molo ya tara mutane ya miƙa maka sabuwar tsarkiya ya ce ka ɗaura, ya gama magana ke nan, molo ya zama naka tun yana da rai. Haka kakana ya yi wa Baba. Ni kuwa ni kaɗai ne namiji a 'ya'yan Baba. Na yi aure, na yi gemu, har an yi mini haihuwa, ina nan ina jiran ranar.

Ba a zaune nake jira ba, duk wahalar tsarkiya a kaina take. Da izgar doki ake yin ta, kuma Baba ba ya karɓar ta goɗiya, ya ce fitsari yana sauka a kan wutsiyarta ya cinye gashin, sai ta ingarma. Ingarman ma ba kowanne ba, sai mai ƙoshi. Ni ne mai hawa jaki zuwa kasuwar Kornaka da goro a aljihu, in bi masu dawaki ina gaisuwa kamar mai neman aure. Wani ya yarda, wani ya ce asiri zan yi wa dokinsa ya kore ni. Ba a yanka da wuƙa, tsinka ake yi kaɗan-kaɗan daga tsakiyar wutsiya, kana yi kana kallon ƙafar baya. Wani baƙin doki ya taɓa samuna a cinya, na yi kwanaki ina ɗingishi.

In na kawo, in wanke da ruwan toka, in shanya a inuwa, in tsince gajeru da masu ƙulli. Sannan mu zauna a ƙarƙashin rumfa, ni in riƙe bakin, Baba yana murzawa a kan cinyarsa. Mai kauri daban, ta tsakiya daban, siririyar daban, kuma ba ya ƙidaya gashin, da yatsa yake ji. Ni ma na kai ina ji da yatsa, ko da ido rufe. Amma da an gama murza, ya ɗauko molo, sai ya ce, "Kawo nan," ya karɓe, ya ɗan juya mini kafaɗa. Ba ɓoye mini yake ba, don na ga ɗaurin nan har na gaji da gani. Tuna mini yake yi cewa lokaci bai yi ba.

Ana nan sai ɗan gwaggona ya dawo daga soja. Uwarsa ƙanwar Baba ce, tare muka tashi, kuma taubashina ne, abokin wasa, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa. Baba ya so koya masa kiɗa tare da ni, amma kunnensa bai kama ba, in aka ba shi molo sai ka ce yana sosa wa akuya ciki. Da aka zo ɗibar samari soja aka haɗa da shi, na yi kuka har da majina, wannan ba na musu. Ya yi shekaru, an ce har ƙasar da suke kira Indoshin an kai su. Ya sauko daga motar Maradi da wandon kaki, da takalmin da ake jin takunsa ko cikin rairayi, da akwatin ƙarfe, da wani abu dogo cikin buhu. Muƙamin kafaran ya samu, wato kofur, sai gari duka ya koma ce masa Kafaran, har uwar da ta haife shi.

Da la'asar aka taru a ƙofar gida, ya zare buhun. Ya ce sunanta gita. Ƙugu gare ta kamar an haɗa ƙwarya biyu, fuskarta ice ce ba fata ba, tana sheƙi, da rami a tsakiya. Tsarkiya shida ya kamata a ce tana da su, na ƙarfe, amma biyu sun tsinke tun a jirgin ruwa, sauran sun yi tsatsa. Na dubi Baba ina jiran ya yi dariya, don na san bakinsa a kan kayan Nasara. Ko fitilar ƙwai bai yarda da ita ba.

Bai yi dariya ba. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya sa hanci a ramin ya shinshina. Sannan ya kai ga 'yan kunnuwan ƙarfen da ke can saman wuyanta. Kafaran ya nuna masa: ka murɗa kunne, tsarkiya ta ɗaure, murya ta hau, ka mayar, ta sauko. A molo, in za ka gyara murya sai ka tura ɗaurin fata da babban yatsa, ka tura ka saurara, har yatsan ya yi kanta. Baba ya murɗa, ya mayar, ya sake murɗawa, bakinsa a buɗe.

"Kai, wanda yay yi wagga dabara ya san wahalam makaɗi," in ji shi. "Ɗan ƙanwata, kaɗa muna mu ji."

Ya kaɗa. Wallahi kiɗa biyu ko uku ya iya, su ma wani soja ɗan bakin teku ya koya masa, kuma yatsunsa suna nan yadda na san su, masu nauyi. Amma sabon abu ne. Samarin da ke zuwa neman in kaɗa musu suka koma bayansa suka tsuguna. Matata da ke daka a cikin gida, na ji taɓarya ta tsaya. Baba kuwa ya sunkuyar da kai yana kaɗa ƙafa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kiɗana ba. Ni in na kaɗa, ido yake rufewa yana jiran inda zan yi kuskure. A nan ban yi wa kaina ƙarya ba, kishi ne ya kama ni.

"Ubangidana," in ji Kafaran yana dariya, "har yau kana nan kana riƙon wutsiyad doki?"

"Ina nan, bawana," na ce. "Kai ma na ga Nasara sun ɗora maka akushinsu ka kawo muna, ko tuwon ba su zuba ba."

Aka yi dariya, amma wadda aka yi wa tasa maganar ta fi.

A makon aka kira ni suna a gidan wani mahauci, na tafi da molo, na zauna na gyara murya. Kafin in soma mai gidan ya leƙo bayana ya ce ina mai gita, ba tare muke ba? Na kaɗa musu har rana ta yi sanyi, na yi taken mahauta yadda ko Baba sai ya yi da gaske, amma duk wanda ya zo yi mini kari sai ya tambaye ni lafiyar Kafaran.

Ba a daɗe ba sauran tsarkiyoyin gita suka soma tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tsatsa ta gama da su. Duk wadda ta tsinke sai in ji kamar an ƙara mini nama a miya. A Dakoro ta lokacin ko allura sai ranar kasuwa, balle tsarkiyar gita. Aka ba direban motar Maradi saƙo, ya dawo ya ce ya zaga kantunan Nasara, wani ɗan kanti har ya tambaye shi ko ci ake yi. Aka ba wani falke mai zuwa Kano, ya dafa ƙirji ya ce ya gane, ya dawo da wayar shinge mai kaurin tsinken tsire. Na ɗauka magana ta mutu, za a rataye ta a bango yara su riƙa leƙen ramin. Sai Baba ya ce shi zai yi mata tsarkiya.

Akwai wata farar izga da na daɗe ina tarawa, ta ingarman wani Buzu da ke saukowa Kornaka lokaci-lokaci. Farar izga ta fi wuyar samu. Ban taɓa faɗa wa kowa dalilin tara ta ba, amma duk gidan an sani, ta ranar da za a ce in ɗaura ce. Na dawo daga gona na iske Baba ya kwance ƙunshin yana murzawa, Kafaran riƙe da bakin, zaune a wurin zamana.

"Baba, wagga izga tawa ta," na ce.

"Na sani. Dokin bai mutu ba, wutsiya tana tsirowa. Zamna ka ga abin mamaki."

Ban zauna ba, abin mamakin kuma bai zo ba. Gita ba ta son izga. Muryarta ta fito a shaƙe kamar ta mai mura, da aka ƙara murɗa kunne sai gashin ya riƙa tsinkewa yana tashi. Suka ƙarar da ita tas a gwaji. Daga nan suka koma jijiyar sa daga wurin mahauta, suka shanya, suka daka, suka murza, gida ya yi ta wari har uwata ta ce ko su ko ita. Wadda ta ɗan yi murya a ciki, ɓera ya cinye ta a rataye.

Kafaran ne ya tuna cewa sojojin bakin teku, in tsarkiya ta yanke musu, wayar birkin keke suke warwarewa. Keke ɗaya na sani a garin, na mushen lakwal, malamin makarantar boko, wanda ya zo da shi daga kudu bai san rairayin Dakoro ba. Ya gaji da turawa ya jingine shi a bayan aji, kaji na kwana a kai. Baba, mutumin da ko ta gaban bariki ba ya son bi, ya sa babbar riga ya tafi lakwal roƙon waya. Mushe ya ba shi, har da rakiya zuwa bakin hanya.

Wayar birki in ka warware ta, siraran wayoyi ne da yawa a murɗe. Suka zauna a ƙarƙashin rumfarmu suna zarewa ɗaya-ɗaya, suna gogewa da toka da tsumma, suna miƙar da lanƙwasar a jikin ice. Baba ne mai zaɓe. Ya ciji baki ɗaya da haƙori, ya ja ɗayan da hannu, ya taɓa da farce ya saurara ta cikin kansa, ya ce wannan ta yi, wannan a yar. Masu ƙaramar murya guda-guda suka bar su, masu babbar murya suka haɗa biyu ko uku suka murɗe. Abin da ya fi ci mini rai, da aka zo murɗawa Kafaran ne ke murɗawa, Baba ne riƙe da baki. Tsoho mai furfura, yana tambayar ɗan ƙanwarsa, "Haka? In ƙara ja?" Ni tun da aka haife ni bai taɓa riƙe mini bakin komai ba.

Da suka gama, Kafaran ya tura masa gitar.

"Kawu, ɗaura mata da kanka."

"A'a, mai abu shi ka ɗaurawa."

"Can ba mu san wanga ba, Kawu. Wanda ya iya shi ka yi."

Sai ga Baba yana zura waya a ɗan rami, yana murɗa kunne yana dariya shi kaɗai.

Ta yi murya, ba zan hana ta ba. Murya mai kaifi, ana jin ta har bakin rijiya, ta fi ta da ƙarfi, don wayar keke ba ta da sassauci, sai an ɗaure ta tamau kafin ta yi magana. Daga ranar Baba ya tare a wurin gita. Kiɗan kakana, wanda na yi shekaru ina koyo da zagi da ranƙwashi, shi yake lalube a kan wayar keke, in ya samo ya kama yatsan Kafaran ya ɗora masa a wurin, a hankali, ba faɗa. Molo yana rataye a ɗaki, tsarkiyarsa ta tsufa ta soma gashi. Na ce masa kaka ta matso, bukukuwa na tafe, ya kamata a sauya. Ya ce, "To, to, bari mu gama da wagga," ko dubana bai yi ba.

Shi Kafaran bai san yana yi mini komai ba, wannan ma wani haushin ne. Ya biyo ni gona wata rana ya kama mini noma, ya ce in mun koma in zo ya koya mini, yatsuna sun fi nasa, cikin kwana kaɗan zan wuce shi. Na ce masa ni ba na koyon kiɗa a wurin bawana. Ya yi dariya har ya dafa hauya, ya ɗauka wasan taubasai ne. Na bar shi a kan haka.

Abinci ya daina yi mini daɗi. In na doso gida na jiyo ta tun daga nesa, sai in ratse ta kasuwa in ɓata lokaci. Matata ta lura. Wata rana tana dama mini fura ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Maigida, rigunanka sun soma yi maka yawa. Gitag ga ita ka cin tuwonka?" Na ce ta kama bakinta. Ta ce ta kama, amma ita dai ko jiya ta gan ni tsaye bayan darni ina saurare. Gaskiya ta faɗa. Nakan tsaya in saurara ina neman kurakuransa, in ya yi daidai kuma haushi ya ninka.

Abin ya faru a ƙarshen damina, gero ya fid da kai, ana ruwa jefi-jefi, rana kuwa in ta fito kamar za ta dafa mutum. Duk makaɗin molo ya san in an kwana da ruwa ko raɓa ta sauka, fatar molo takan saki, murya ta mutu. Maganin ba wuya: ka shanya shi a rana da hantsi, ka riƙa ƙwanƙwasa fatar, da ka ji ta ɗaure ka ɗauke. Tun zamanin kakana haka ake yi, ganga ma haka ake mata. Ran nan an yi ruwa da asuba. Kafaran ya sa kakinsa ya tafi bariki, don kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, yana neman tsofaffin sojoji aikin gardi, wato tsaron bariki. Ni ina gona. Baba ya taɓa gita ya ji muryarta ta ɗan yi sanyi, sai tausayinta ya kama shi. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwantar da molo, ya kwantar da ita a gefensa.

Uwata ce ta ba ni labarin sauran. Ta ce an jima ya ƙwanƙwasa molo, ya ji ya yi, ya kai ɗaki. Ya ƙwanƙwasa gita ya ji ba abin da ya sauya. Ya ce ai ita ice ce, ice ya fi fata taurin kai, sai ta ƙara shan rana. Ya ma ja tabarmar zuwa inda inuwar darni ba za ta kai ba. Sai aka aiko an yi rasuwa a wata unguwa, ya sa hula ya tafi. Ba wanda ya san cewa icen gita manne yake da wani irin danƙo na Nasara da ke saki a zafi. Molo ba manni a jikinsa ko ɗaya, ɗinki ne da ɗauri. Ni ma ban sani ba. Da ina nan kuma na sani, ko zan ɗauke ta, wannan kada a sa ni rantsuwa.

Na shigo wajen azahar, na aje hauya, ina wanke ƙafa a bakin randa, sai na ji ƙara, tas, kamar an taka ƙwarya. Na waiwaya. Jakin gita, wato ɗan icen da ke riƙe da tsarkiyoyi a kan fuskarta, ya ɓalle ya yi tsalle, yana lilo a bakin wayoyi. Ya tafi da ɓangaren fuskar, ya bar tsaga tun daga ramin har ƙasa. Wayar keke ta yi ta ja, danƙo ya saki. Na tsaya da buta a hannu, wani sanyi ya sauko mini tun daga maƙogwaro har ciki, irin na mai azumi da ya sha ruwa. Daɗi na ji. Har sai da na shiga ɗaki don kada uwata ta ga fuskata.

Baba ya riga Kafaran dawowa. Ya tsaya a kanta, ya tsuguna, ya ɗauki jakin ya mayar wurinsa ya danna, ya saki, ya faɗo. Ya sake mayarwa. Yana cikin haka aka ji takalmi. Kafaran ya shigo da fara'a, an ɗauke shi aiki, ya buɗe baki zai ba da labari sai ya gani.

"Ni na, ɗan ƙanwata," in ji Baba. "Ni nis sa ta rana. Na ji ta yi sanyi."

Kafaran ya dubi tsagar gitar. Sannan ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ba komi, Kawu, ice na." Amma da ya sunkuya tattara ta, sai ya bi ƙasa yana tsince har 'yan ɓaraguzan da ba su kai farce ba, yana zubawa a aljihun kaki. Gwaggo ta gaya wa uwata cewa gitar ta abokinsa ce, ɗan bakin tekun nan da ya koya masa, wanda bai dawo daga can ba. Uwata ba ta iya riƙe magana, kafin magariba Baba ya ji.

Tuwo ya daina shiga masa. Ya dafa ƙaro ya manna, ya ɗaure da igiya ya bari ya bushe, da aka ja waya ɗaya ya ɓalle. Ya kai wa maƙeri ya buga 'yan ƙusoshi, icen siriri ne, ya ƙara tsagewa. Kafaran yana ce masa ya bari, shi ya haƙura, amma ba a ƙara ganinsa a ƙarƙashin rumfa da la'asar ba. Ni kuwa tuwo ya dawo mini da daɗinsa, har ƙari nake nema. Na sauko da molo na goge shi, ina kaɗawa a hankali da tsohuwar tsarkiya, a inda na san Baba zai ji.

Wata safiya ya kira ni. Ya ce, "Gobe kasuwak Kornaka. Tahi ka samo izga, wadda ba ka taɓa samo irinta ba. Za a ɗaura ma molo tsarkiya, gaban mutane." Gaban mutane! Ban san lokacin da na ɗora wa jaki akumari ba. Hanya duka waƙa nake yi, har jakin ya riƙa juya kunne. Na ci sa'a Buzun nan yana kasuwa da farin ingarmansa, wutsiya ta sake cika. Na ba shi goron duka, na ƙara masa da wuƙata da ya yaba. Na wanke, na tsince, muka murza, ni riƙe da baki, ina ce wa kaina wannan ne riƙo na ƙarshe. Matata ta wanke mini farar riga ta buge ta, ta daka gumba don baƙi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta suka zo, da wasu tsofaffin makaɗa abokan Baba, mata na leƙe ta darni. Kafaran ya zo a makare cikin kayan gardi, ya zauna can gefe. Baba ya kwance tsofaffin tsarkiyoyi ya naɗe, ya aje molo a cinyarsa, sababbin na kan tabarma fari fat. Na matso har gwiwata na taɓa tasa, na goge tafin hannu a riga.

"Jama'a," in ji Baba, "kun san abin da niy yi. Yaron ga ya ɗauko kayan kiɗi nai tun daga bayan teku, ruwa bai ci ta ba, wuta ba ta ci ta ba, sai ni nan tsakag gidana nik kashe ta da hannuna. Ba ni da irinta in ba shi. Abin da ag gare ni shi na wanga." Ya ɗaga molo. "Ɗan ƙanwata, matso."

Kafaran ya miƙe tsaye, ya ce a'a, wallahi a'a, ya dube ni, ya ce molon nan da mai shi, kowa ya sani. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma na fi jin haushinsa a kan haka, don abin da nake mutuwa a kansa shi ko kwaɗayinsa bai yi ba. Baba ya rantse da Allah in bai karɓa ba, shi ba zai ƙara iya haɗa ido da ƙanwarsa ba. Tsofaffin makaɗa suka ce hakan ya yi, an fita kunya. Ba wanda ya ce mini ko sannu. Kafaran ya durƙusa, Baba ya ɗora masa molo a hannu, ya ɗora tsarkiyoyin a kai.

Sai aka zuba masa ido. Ya juya molon yana neman abin murɗawa. Ya ɗauki mai kaurin ya sa a wurin siririyar, wani tsoho ya yi gyaran murya. Ya cire, ya kama ɗaurin fata yana ja ta baya, gumi na ɗiga daga hular gardi, farar izgar da na ba da wuƙata a kanta ta soma warwarewa a yatsunsa. Ban iya kallo ba, kuma na kasa kau da kai.

Baba ya juyo wurina, karon farko tun da aka zauna.

"Kai," ya ce, "ɗaura mishi. Bai iya ba."

Na so in ce a'a, na so in tashi in bar musu wurin, amma hannuna ya riga ni karɓa. Na sake murza bakin da ya warware a kan cinyata, na jiƙa ɗaurin fata da yawu, na soma da mai kauri, na bi da ta tsakiya, na ƙare da siririyar. Na tura da babban yatsa ina saurare. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ban yi gaggawa ba, na ja abin iyakar yadda zai jawu. Da na gama na kaɗa taken kakana, kaɗan, don gwaji. Farar izgar nan ta ba da wata murya da ban taɓa ji a molon ba, ko a hannun Baba.

Baba ya saurara har na tsaya, ya gyaɗa kai.

"Madalla," ya ce. "Hannunka ya yi. To, ba shi abu nai."

Na miƙa masa da hannu biyu, don molon kakana ne. Ya karɓa yana kallon ƙasa, ya rungume shi a karkace yadda ake riƙe gita. Matata ta aiko da gumbar da ta daka, aka raba wa mutane, suka ci suna yi wa Kafaran barka.